Kuregen Amurka da Shamuwar Ƙasarmu: Darasi a kan Alama da Camfi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jujjuya dare da rana, Mai kawo ɗari bayan zafi, Mai rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da wani matashi ya kawo mana bayan sallar Isha'i. Ya nuna mana hoto mai motsi a wayarsa: dubban Turawa tsaye cikin sanyi tun kafin gari ya waye, wasu dattawa sanye da baƙaƙen kaya da dogayen huluna sun ɗaga wata dabba sama, jama'a na ta sowa. Ya ce an gaya masa wai dabbar ce ke faɗa musu ranar da hunturu zai ƙare. Sa'an nan ya ce: "Malam, in wannan camfi ne, to kakana da ke duban zuwan shamuwa kafin ya gyara gonarsa, shi ma camfi yake yi?" Muka ga tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a ƙofar masallaci, domin akwai aƙida cikinta, akwai kuma abincin gida. Shi ya sa muka kawo ta nan.

Labarin dabbar da bikinta

Dabbar dangin kurege ce, sai dai ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, nauyinta yakan kama daga kilo 2 zuwa kilo 6. Faransawa na kiran irinta marmot, sunanta na Ingilishi kuwa ma'anarsa aladen ƙasa, ko da yake ba abin da ya haɗa ta da alade. Mu nan za mu kira ta kuregen Amurka. Tana zaune a gabashin Amurka da Kanada, tana haƙa rami mai zurfi da ƙofofi fiye da ɗaya, abincinta ciyawa da ganyaye.

Abin da ya dace mumini ya tsaya ya duba a halittarta shi ne barcinta. Hunturun can ba irin namu ba ne, wanda bargo da wutar kara ke isar mutum. Can dusar ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa watanni, ciyawa ta mutu, abinci ya yanke. To kafin lokacin ya zo sai wannan dabba ta yi ta ci har ta tara kitse, wajen watan Oktoba ta shige raminta ta toshe. Zafin jikinta, wanda ke kusan digiri 37 kamar na ɗan Adam, sai ya sauka zuwa wajen digiri 5. Zuciyarta da ke bugawa kamar sau 80 a minti sai ta koma kamar sau 5. Haka za ta kwanta, ba ci ba sha, kitsen nan na ƙonewa sannu sannu, har Fabrairu ko Maris. Wanda ya taɓa ganin an tono gaiwa da rai cikin busasshen laka na tabki da rani, ba zai yi mamaki ƙwarai ba: Wanda Ya kwantar da gaiwa tana jiran ruwa, Shi ne Ya kwantar da wannan tana jiran ɗumi. Masana dabbobi sun lura kuma cewa mazan sukan riga farkawa, su fito su zagaya ramukan matan, sa'an nan su koma su ƙara kwanciya. Ke nan fitar farko ba hasashen yanayi ya kawo ta ba, neman iyali ne.

Bikin kuwa ana yin sa ranar 2 ga Fabrairu kowace shekara, mafi shahara shi ne na wani ƙaramin gari mai suna Panksatoni a jihar Pensilbeniya, wanda mazaunansa ba su kai 6,000 ba. Tun 1887 suke hawa wani tudu a bayan gari domin wannan al'ada. Sun raɗa wa dabbarsu suna Fil. Da hantsi bai ko ɗaga ba sai a fito da shi daga wani kututture. Wai in ya ga inuwarsa, ya tsorata ya koma rami, saura mako 6 na hunturu. In bai gan ta ba, ɗumi zai zo da wuri. Shugaban ƙungiyar da ke kula da shi sai ya sunkuya kamar mai sauraro, ya ce Fil ya yi masa magana da yarensu na kurege, a ɗauko ɗaya daga takardu biyu da aka riga aka rubuta a karanta wa jama'a. Suna cewa ma wai Fil ɗaya ne tun farko bai taɓa mutuwa ba, saboda wani ruwa da suke ba shi yana ƙara masa shekara 7, alhali irin wannan dabba ba ta cika wuce shekara 6 a daji ba. Bayan wani fim da aka yi a kan bikin a 1993, taron ya ƙaru har ana samun dubun dubatar baƙi. Wasu garuruwa a Amurka da Kanada su ma suka samo nasu kuregen, kuma sau da yawa hasashensu na saɓa wa juna a rana guda.

Asalin abin ba daga Amurka yake ba. Baƙi masu jin Jamusanci da suka zauna Pensilbeniya tun ƙarni na 18 su suka zo da shi. A ƙasarsu ta asali ranar 2 ga Fabrairu ranar idin Kirista ce ta kunna kyandir, kwana 40 bayan Kirsimeti, kuma manomansu na cewa in rana ta fito sarai a wannan yini, sauran sanyi na da tsawo. Dabbar da suke dubawa can wata ƴar'uwar dage ce. Da suka ƙetare teku suka tarar kuregen nan ya fi yawa a gonakinsu, sai suka ɗora masa aikin.

Adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda ba addininmu ɗaya ba: mafi yawan masu zuwa wannan taro sun ɗauke shi wasa ne da kasuwa, ba su gina nomansu ko tafiyarsu a kansa. A 2013, da Fil ya ce ɗumi zai zo da wuri amma ƙanƙara ta ci gaba da zuba, wani mai gabatar da ƙara a jihar Ohayo ya rubuta masa takardar tuhuma don raha. Kada mu hau mumbari mu ce suna bauta wa kurege, wannan ƙarya ce. Amma abin da suke yi da wasa ya zame mana misali mai kyau na gane yadda camfi ke tsira, domin an rubuta sakamakonsa shekara da shekaru, ana iya ƙirgawa.

Ma'aunin malaman tauhidi

Malamanmu na tauhidi, irin su Imam Sanusi, sun raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ka ɗaura wani abu da wani saboda ka ga suna zuwa tare sau da yawa, tare da sanin cewa yana yiwuwa wata rana su saɓa, kuma ba ɗayansu ke halittar ɗayan ba. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, hadari da ruwa, duk haka suke. Ku riƙe sharuɗɗan nan, domin da su za mu auna dabbobin biyu: maimaituwa ta gaskiya, yiwuwar saɓawa, da barin tasiri ga Allah Shi kaɗai.

Mu ɗora kuregen a kan wannan ma'auni. Tun 1887 an ce ya ga inuwarsa fiye da sau 100, bai gan ta ba kamar sau 20 kawai. Hukumar yanayi ta Amurka takan gwada maganarsa da zafin da aka auna a Fabrairu da Maris, kuma dacewarsa ba ta kai rabi ba. Wanda ya jefa kwabo sama ya ce kai ko wutsiya bai fi shi kuskure ba. Ga wani abu kuma da ya kamata a lura: ranar 2 ga Fabrairu ta faɗo kusan tsakiyar hunturu a lissafin rana, daga ita zuwa 20 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita, kwana 46 ne ko 47, wato mako 6 da ƴan kwanaki. Wanda ya ce maka saura mako 6 hunturu ya fita, kalanda ya karanta maka. Haka boka yake yi wa mai ciki, ya ce za ta haifi namiji ko mace.

Amma ba za mu ce babu komai a ƙarƙashin maganar manoman Jamus ba. A ƙasashen sanyi, yinin da sama ta yi garau cikin hunturu yakan zo da busasshiyar iska mai tsananin ɗari, yinin gajimare kuwa yakan fi sauƙi. Wannan lura ce ta gaskiya game da yinin kansa. Kuskuren ya shigo ne da aka miƙe ta daga yini ɗaya zuwa mako 6, aka ɗaure ta ga rana ɗaya tak ta shekara, aka kuma rataya ta a wuyan dabba. Yawancin camfi haka yake farawa: ƙwayar gaskiya guda, a lulluɓe ta da tatsuniya, jikoki su gaji tatsuniyar su manta ƙwayar.

Yanzu ga shamuwa. Wannan tsuntsuwa ba ta yin rani a wurinmu. Watannin da muke cikin ɗari da rani tana gabashi da kudancin Afirka, inda ake ruwa a lokacin. In damana ta juyo arewa sai ta biyo ta, ta sauka garuruwanmu wajen ƙarshen bazara, ta yi sheƙa bisa itatuwan cikin gari, ta yi ƙwai. Abincinta fara da tsutsa da sauran ƙwari, su kuwa ba su yawaita sai inda laima ta sauka. Iskar da ke ɗauko mana ruwa daga teku ta kudu maso yamma takan hauro sannu sannu, ta isa Gaya kafin Maraɗi, ta isa Maraɗi da Damagaram kafin Tanut. Shamuwa na tafe da wannan haurowa. Ke nan tsakaninta da damana akwai igiya ta gaskiya da Allah Ya ɗaura: ba ta san gobe ba, abincinta take bi, abincinta kuwa ruwa yake bi. Kakanni sun ga haka shekara bayan shekara. Sharaɗin maimaituwa ya cika.

Alƙur'ani da kansa ya koya mana karanta irin wannan alama. A Suratul A'arafi, aya ta 57, Allah Ya ambaci iska a matsayin mai bushara da ke gabatar rahamarSa. A Suratun Nahli, aya ta 16, Ya ambaci alamomin ƙasa da taurari da matafiya ke shiryuwa da su. Saboda haka dattijon da ya ga shamuwa ta sauka, ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ya ji iska ta juya, ya ce wa ƴaƴansa su fitar da taki su gyara kalme, bai yi shirka ba, bai yi camfi ba. Ya karanta abin da aka shimfiɗa masa ne domin ya karanta. Muna jan kunnen matasanmu masu kishin sunna: kada zafin kishi ya sa ku jefi iyayenku da kalmar da ta fi dutse nauyi a kan abin da shari'a ba ta hana ba.

Inda ƙafa ke zamewa

Sai dai sharaɗi na biyu da na uku suna nan. Shamuwa na iya sauka ruwa ya yi jinkiri. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 sun san cewa alamomi na iya bayyana damana ta ƙi. Wanda ya ce tunda ta zo lalle ruwa ya zo, ya mayar da al'ada wajibi. Wanda ya ce ita ce ke kawo ruwan, ko ya ce wanda ya taɓa sheƙarta ya kore wa gari damana, ya ba halitta abin da yake na Mahalicci. Barin cutar da ita abu ne mai kyau, tana cinye mana fara, kuma tausayin dabba ibada ne. Amma a bar ta don tausayi da amfani, ba don tsoron wai tana riƙe da mabuɗin sama ba.

Asalin wannan babi hadisin Zaidu ɗan Halidu Aljuhani ne, Allah Ya yarda da shi, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka ruwaito. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an yi ruwa da dare. Bayan sallar Asuba Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani, wanda ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro ya kafirce wa Ubangijinsa. Imam Shafi'i da wasu malamai sun yi bayani cewa abin zargi shi ne ƙudurta cewa tauraron ne ya yi ruwan. Wanda yake nufin lokaci kawai, wato an yi ruwa a kwanakin tauraro kaza kamar yadda za ka ce a watan kaza, wannan bai kafirta ba, ko da yake barin lafazin ya fi. Da wannan muke fahimtar lissafin da malamanmu na karkara ke yi na manzilolin wata guda 28, kowane kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, suna gaya wa manoma an shiga Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa. In kalanda ce ta noma, babu laifi. In aka ce tauraron ne mai ruwa ko mai rowa da kansa, an faɗa cikin abin da hadisin ya hana.

Akwai kuma wani nau'i da ba shi da ko ƙwayar gaskiyar, shi ne wanda Larabawa ke kira ɗiyara. Mutumin jahiliyya in zai yi tafiya sai ya tayar da tsuntsu, in ya yi dama ya tafi, in ya yi hagu ya koma gida. Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Fir'auna suna camfa Annabi Musa, da Samudawa suna camfa Annabi Salihu, tsira da aminci su tabbata a gare su. Manzon Allah (S.A.W.) ya kore wannan, ya kore camfin mujiya da na watan Safar, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Da Mu'awiya ɗan Hakam Assulami ya tambaye shi game da masu jin irin wannan a ransu, sai ya nuna masa cewa abu ne da ke ɗarsuwa a zuciya, abin da ake nema shi ne kada ya hana mutum abin da ya nufa. Ku duba sauƙin addini: ba a kama ka da faɗuwar gaba ba, an kama ka ne in ka fasa.

A nan ne ya kamata dariyarmu ga mutanen Panksatoni ta ragu. Su suna tafawa su koma aikinsu. Mu kuwa akwai gidan da mujiya za ta yi kuka bisa katanga a kwana ba barci, da safe a tafi wajen mai duba da kuɗin cefane. Akwai wanda zai fasa zuwa kasuwa don wata dabba ta gitta masa. Akwai wanda ke zuwa a buga masa ƙasa a gaya masa ranar shibka. Wace igiya ce tsakanin kukan mujiya da ajalin mutum? Tana kuka ne don neman abokiyar zama ko tsare wurinta, ɓera take farauta a rumbunka. Allah Ya faɗa a Suratun Namli, aya ta 65, cewa babu mai sanin gaibu a sammai da ƙasa sai Shi, a ƙarshen Suratu Luƙman kuma Ya ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da ke wurinSa. Har aljannu, waɗanda masu duba ke taƙama da su, Suratu Saba'i ta ba mu labarin yadda suka yi ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da ƴar ƙaramar gara ta ci sandarsa ya faɗi.

Saura tambayar da wasu ke yi game da masu hasashen yanayi na rediyo, waɗanda muke kira meteyo, da cibiyar Agrimet da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari. Hukuncinsu hukuncin mai duban shamuwa ne, sai dai idonsu ya fi nisa. Suna auna iska da laima da zafin teku, suna kallon gajimare ta tauraron ɗan Adam, su ce ana sa ran kaza. Wannan bin sababi ne, ba da'awar gaibu ba, muddin mai faɗa da mai ji sun san zato ne mai rinjaye. Ku ji ma yadda masana aikin gona na Sahel ke ƙayyade farkon damana: a samu ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma kada a yi fiye da kwana 7 babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Wato su kansu ba su tabbatar da cewa damana ta kama sai wata guda ya wuce sun waiwaya.

Wannan ke nuna nauyin abin da ke kan manomi. Irin gero da ya ɓoye tun kaka, ya hana bakin ƴaƴansa cikin bazara, in ya zuba shi bayan yayyafin farko sa'an nan sama ta ɗauke kwana 15, ya tsira ya ƙone, sai ya sake shibka, wani lokaci da irin bashi. In kuma ya yi ta jira har lokaci ya ƙure, hatsin ba zai nuna ba kafin ruwa ya janye. Mutumin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne boka ke jira, domin mai tsoro na son wanda zai ce masa "lalle". Abin da muke ba shi shawara: ya dubi shamuwa, ya saurari meteyo, ya tona ƙasa da hannunsa ya ga inda laima ta kai, ya shawarci dattawan da suka san gonar, kada ya zuba irinsa duka a shibkar farko in yana da halin ragewa. Sa'an nan ya ambaci sunan Allah ya shibka. In ruwa ya yi jinkiri, shari'a ta ba mu sallar roƙon ruwa, raka'a 2 da hantsi, da huɗuba da juya mayafi, bayan tuba da mayar da haƙƙoƙin mutane.

Matashin da ya kawo tambayar ya ƙara da cewa ko ya halatta ya tura wa abokansa hoton bikin. Muka ce masa in don su ga halittar Allah ne da al'adun mutane, babu laifi, amma ya haɗa da bayanin barcin dabbar, domin shi ne abin mamakin na gaskiya. Muka kuma ce ya gai da kakansa, ya tambaye shi sauran alamomin da ya sani na itatuwa da tsuntsaye da iska, ya rubuta su, ya riƙa sa kwanan wata kowace shekara yana gwadawa da ranar da ruwan shibka ya sauka a garinsu. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.